Abin da Ban Faɗa wa Kakanki Ba

Koki, cikin birnin Kano

Saudatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, kin sami ɗaki da abokan zama nagari. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya tsare miki imaninki da lafiyarki.

Na sa takardar a ƙasan akwatinki don kada ki gan ta sai kin isa makaranta. Da baki na so in gaya miki abin da ke ciki. Sau uku ina kiran ki ɗaki a makon nan, in kin zo sai in ce ki miƙo mini wani abu. Kin ce kin zaɓi karatun jinya ne don kin ga na yi aikin, kin ga yadda matan unguwa suke sallama a gidanmu da katin asibiti a hannu. To, gara ki san wadda kike koyi da ita.

Kin san ciwon daji na hanji ne ajalin kakanki, Baba Malam na Jakara, lokacin kina aji huɗu a firamare. Abin da ba ki sani ba, akwai hannuna a jinkirin da aka yi kafin a gano ciwon.

Baba Malam baduku ne, kin tuna zaurensa da warin fata. Ya fara ganin jini in ya zaga, yana ramewa, ya ce basir ne, ya yi ta shan jiƙe-jiƙe. Da ƙyar Babanku ya kai shi asibitin da nake aiki. Likita ya ce sai an leƙa hanjinsa. Za a koya muku wannan gwajin: siririn tiyo ne mai kyamara da fitila a bakinsa, ta dubura ake zura shi, likita yana kallon cikin hanji a allo. Amma kyamara ba ta ganin komai sai hanji ya fita tas. Don haka ake hana mutum wasu abinci kwanaki kafin ranar, sannan a ba shi maganin wankin ciki mai yawa ya sha, ya yi ta zagawa har abin da ke fita ya koma ruwa garai-garai. Likita ne ke riƙe da kyamara, amma wankin cikin nan aikinmu ne, mu masu jinya. In mun yi sakaci, likita makaho ne.

A sashen nake a lokacin. Abokan aikina suka ce tunda surukina ne, ai ba wanda zai kula da shi kamar ni, suka sakar mini shi. Babanku ma hankalinsa ya kwanta. Ba wanda ya tsaya ya tuna wace ce ni a wurin Baba Malam. Shekara goma sha biyu da aurena, ban taɓa faɗin sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In zan wuce ta zaurensa, takalmina a hannu nake riƙewa. Haka Innata ta tarbiyyantar da mu a Sheshe, kuma har gobe ban ce ta yi kuskure ba. Sai ga shi mutumin nan ne zan zauna in yi wa bayanin bahaya.

Kuskurena na farko tun bai zo asibiti ba na yi shi. Akwai takardar da muke ba majinyata, ta abin da za su ci da wanda za su bari. Da Turanci aka rubuta ta, shi kuwa ajami yake karantawa. Na ba Babanku na ce ya kai masa. Babanku ya duba sama-sama, ya ce masa likita ya ce a riƙa cin abinci mara nauyi. A wurin tsohon, abinci mara nauyi shi ne kwaɗon zogale da faten wake, waɗanda su ne kan gaba a abin da aka hana. Ƙwayar ƙarin jini ma da ya kamata ya dakatar, don tana baƙanta hanji, ya ci gaba da sha har ranar da aka kwantar da shi. Tsakanin gidanmu da Jakara tafiyar ƙafa ce. Ban je ba.

Saudatu, kada ki taɓa miƙa wa mutum takarda ki ɗauka kin yi bayani. Ki zauna, ki tambaye shi me yake ci a gidansa, ki ambaci abincin da sunansa. Ki ce ban da zogale, ban da wake, ban da gyaɗa da riɗi, ban da duk abin da ke da ƙwaya ko ganye. Ranar jajiberin gwaji ban da fura da nono, ban da kunu, sai ruwa, da shayi ba madara, da romo tatacce. Ki ce ban da zoɓo, don jansa yana kama da jini a kyamara. In kin gama, ki ce ya maimaita miki. A wurin maimaitawar ne za ki ji abin da ya shiga kunnensa, kuma sau da yawa za ki sha mamaki.

Saboda shekarunsa da ciwon gwiwa, aka kwantar da shi kwana ɗaya kafin gwajin. Bayan la'asar na dama maganin a babban jug, na kai ɗakin maza. Gadonsa na can kusa da ƙofar shiga, banɗaki kuma a ƙarshen ɗakin. Na lura da haka, ban sa an canja ba. Na durƙusa daga wajen ƙafafunsa, na gaishe shi, kaina a ƙasa, na ce, "Baba, ga magani. A daure a riƙa sha kofi-kofi. Rabi yanzu, rabi bayan asuba."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ce masa zai tsinka masa ciki ba. Ban ce in ya taso ba ya jira ba. Malam Nasiru, abokin aikina namiji, yana tsaye a teburinmu, taku goma tsakaninmu. Da na ce masa ya je ya yi wa tsohon bayani irin na maza, da ya yi cikin minti biyar. Amma na ji nauyin in yi zancen cikin surukina da wani namiji, kuma ban so a ce Sista Binta ta kasa da majinyacinta.

Ya sha, don shi mutum ne mai cika umarni. Gab da magariba ina rubutu a tebur na hango shi ya yunƙura, ya dafa gado, yana neman takalmi da ƙafa. Ya yi taku kamar shida sai ya tsaya cak a tsakiyar ɗakin. Farin wando ne a jikinsa. Ɗakin cike yake da masu dubiya, har da wani maƙwabcinsa na kasuwa da ya zo duba ɗan'uwansa. Mutumin da yake jan sallah a masallacin layinsu, ga shi tsaye, ba ya iya gaba ba ya iya baya.

Kin san abin da na yi? Na tashi na shige ɗakin ajiyar kaya na turo ƙofa. Na ce wa kaina girmama shi nake yi, kada ya san na gani. Ina jin motsin mutane, ina jin Malam Nasiru yana cewa a ba da wuri, ina tsaye tsakanin kwalaye ina kallon bango. Sai da komai ya lafa na fito. Lokacin tashina ya yi, na sa hannu na tafi gida, ban ko leƙa shi ba.

Ki riƙe wannan da kyau. Kafin ki ba mutum maganin wankin ciki, ki gyara masa hanya tukuna. Gado kusa da banɗaki, fo a ƙarƙashin gado, labule a ja, buta cike, wandon canji a kusa. Ki gaya masa ƙarara abin da zai faru, ki ce haka yake yi wa kowa, kuma alamar maganin yana aiki ke nan. Tsoho yana iya jiri ya faɗi, don haka ki riƙa zagayowa. Mai ciwon suga ki auna shi akai-akai, tunda ba ya cin abinci. Idan kuma majinyacin wanda kike jin nauyinsa ne har bakinki ba zai buɗu ba, ki faɗa tun da wuri a ba wani. Wannan ba gazawa ba ce. Gazawa ita ce ki karɓi aikin ki ƙi yi, kowa yana zaton kina yi.

Washegari ƙarfe bakwai na shigo. Jug ɗin yana kan lokar gefen gadonsa, babu komai a ciki. Daga nesa na gaishe shi, na tambaya ko an shanye. Bai dube ni ba, ya ce alhamdulillahi. A ƙarƙashin gadon na hango ƙaramar ƙwarya da guntun fura a gindinta. Na san ƙwaryar, ta kakarki Hajiya ce. Daga baya na ji ta gan shi a galabaice ne da sassafe, ta dama masa don ya sami ƙarfi, tunda ba wanda ya ce mata kada ta yi. Na kalli ƙwaryar, na kau da kai, na ce wa zuciyata wataƙila ta maƙwabcin gadonsa ce.

Ƙa'ida ita ce in ga bahayansa na ƙarshe da idona, in tabbatar ya zama ruwa mai ɗan rawaya, wanda ake hango ƙasan fo ta cikinsa. Na ɗauki fayil ɗinsa, na rubuta ya shanye magani duka, bahaya ya fita tas. Na sa hannu. Biro ɗin bai ko yi mini nauyi ba, abin da har yau yake ba ni tsoro ke nan.

Da aka shiga da shi ɗakin gwaji na roƙi wata ta tsaya a madadina, ni kuma na tsaya bayan labule inda nake hango allo. Da kyamara ta shiga, sai na ga kamar an tsoma fitila a kwata. Likita yana fesa ruwa yana zuƙewa, ya matsa kaɗan, ya sake fesawa. Ya fi minti ashirin yana fama, daga ƙarshe ya ce ba zai ci gaba da tura tiyo inda ba ya gani ba, kada ya huda hanjin bawan Allah. Ya zare, ya cire safar hannu, ya buɗe fayil, ya karanta, sannan ya kira sunana.

"Sista Binta, ke kika rubuta wannan. Kin gani da idonki?"

Na ce na gani.

Ya dube ni jim kaɗan, sannan ya ce wasu tsofaffin hanjinsu yana da nawa, sai an ƙara musu kwana. Ya rubuta a dawo bayan mako biyu a sake. Ya yarda da ni ne, Saudatu, don bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Na ɗauki yardar da na tara shekara da shekaru na rufe laifina da ita, laifin kuma ya koma kan hanjin tsoho.

Abin da idonki bai gani ba, kada hannunki ya rubuta. In ba ki duba ba, ki rubuta ba ki duba ba. In an tambaye ki a gaban mutane, ki faɗi gaskiya a nan take, ko da muryarki tana rawa. Da na ce ban gani ba tun da safe, da an ɗaga gwajin zuwa washegari, a ƙara masa magani yana nan a kwance, a yi mini faɗa, shi ke nan. Faɗan kwana ɗaya na guje wa.

Baba Malam ya koma gida ya ce shi da asibiti har abada. Bai faɗi dalili ba. Babanku ya yi roƙo, ƙannensa sun yi, abokansa na kasuwa sun yi, ya ce a ƙyale shi. Kowa ya ɗauka taurin kan tsufa ne. A cikin dangi ni kaɗai na san abin da ya same shi a tsakiyar ɗakin nan, ni kaɗai na san cewa da an gaya wa Babanku, zai nemi a yi gwajin a wani wuri, a ɗaki na shi kaɗai, namiji ya kula da shi. Amma in na faɗi wannan, sai na faɗi sauran. Kullum Babanku ya dawo daga Jakara yana cewa tsohon ya ƙara ramewa, ni kuma in zuba masa abinci in ce Allah Ya sauwaƙe. Wata tara ina haka.

Ran nan da hantsi aka zo aka ce cikinsa ya kumbura, yana ta amai, kwana uku bai zaga ba. A kwance aka kai shi. Da aka buɗe cikin aka tarar da tsiro ya toshe hanji, a gaba kaɗan da inda kyamara ta tsaya, kuma ya riga ya kai hanta. Suka yanke abin da za su iya, suka fitar masa da hanji ta gefen ciki, aka manna jakar da bahaya zai riƙa zuba.

Na sami likitan a ofishinsa na tambaye shi, da an gani wancan lokacin fa? Ya ce Allah ne Masani, ba zai iya rantsuwa ba, amma wata tara ba kwana tara ba ne. A nan na gaya masa gaskiya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in je in faɗa wa shugabar ma'aikatan jinya da bakina, in ba haka ba shi zai faɗa. Na je. Aka ba ni takardar gargaɗi, aka cire ni daga sashen na wani lokaci. Duk wannan bai kai wuyar gaya wa Babanku ba. Ya saurare ni har na gama, ya tashi ya sa hula ya fita. Ya tare a Jakara wurin jinyar mahaifinsa. In ya zo ganin ku, ya gaishe ni kamar baƙuwa. Ke kina tambaya me ya sa Baba ba ya cin abincinmu, ina ce miki azumi yake.

Kuskure in ya kwana, ƙaruwa yake yi. Ranar da kika yi shi, ranar za ki faɗa. Na san ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma mutane sun yi ta gaya mini haka don su kwantar mini da hankali. Amma ba ajalinsa za a tambaye ni ba. Abin da na rubuta da abin da na ɓoye za a tambaye ni.

Bayan kamar mako uku da sallamo shi, Baba Malam ya aiko in zo. Na tafi, na san Babanku ya gaya masa. Na same shi a ɗakinsa, ya zama ƙashi da fata, ɗakin yana wari duk da turaren da Hajiya ta sa. Ya ce kowa ya fita. Na durƙusa a bakin ƙofa. Sai na ji ya kira sunana, abin da bai taɓa yi ba, don 'yar Sheshe yake ce mini.

Ya ce, "Binta, matso. Na ga lokacin da kika shige ɗakin nan kika rufe ƙofa. Ni kuma da asuba na ɗauki sauran maganin na tuttular a makwarara. Kin ji kunyata, na ji taki. Ga inda ta kawo mu."

Hawaye kawai nake. Ya bar ni na ɗan lokaci, sannan ya ɗaga rigarsa da kansa. Jakar ta zame, fatar wurin ta yi ja ta saɓule, don ba wanda ya iya manna ta daidai a gidan.

Ya ce, "Wannan aikinki ne, su ba su iya ba. Wanke hannunki ki zo."

Na wanke hannu na zo. Na cire jakar, na wanke wurin, na shanya fatar, na auna na yanka sabuwa na manna. Ina yi ina gaya masa abin da nake yi da dalilinsa, da sunan kowane abu, yana tambaya ina amsawa. Tun daga ranar, kullum kafin in tafi aiki sai na biya Jakara, har wata huɗu, har Allah Ya karɓi abinSa. Ban daina cire takalmi a zaurensa ba, ban fara faɗin sunansa ba. Ashe ladabi bai taɓa hana ni aikina ba, ni ce na laɓe a bayansa. Babanku ya dawo gida a cikin watannin nan. Bai ce ya yafe ba sai bayan an yi sadakar bakwai, amma ya faɗa, kuma bai sake tayar da zancen ba.

Ban rubuta miki wannan don ki zubar da kunyarki ba. Ki riƙe ta, ado ce a gare ki, ki gaida manya a durƙushe kamar yadda kika saba. Amma za a kawo miki dattijo sa'an kakanki, za a kawo malamin da ya koyar da ke, wata rana ma uban mijinki. Ki sassauta murya, ki ja labule, ki nemi izini, sannan ki faɗi abin da ya kamata a faɗa da kalmomin da zai gane. A makaranta kada ki raina darasin fo da wankin ciki don ƙawayenki suna toshe hanci suna jiran ranar da za a koya musu allura. Ki tsaya kusa da malamarku ki duba abin da ta ce a duba.

Saura abu ɗaya, kuma da izinin Babanku nake gaya miki. Tun wancan lokacin likita ya ce 'ya'yan Baba Malam su riƙa zuwa ana leƙa hanjinsu, don ciwon yakan bi jini. Babanku ya yi ta ɗagawa. Watan jiya da ya zaga ya ga abin da bai gamshe shi ba, ya gaya mini a ranar. An ba shi Talata ta sama don a yi masa gwajin. Mun ɓoye miki don kada ki ce kin fasa tafiya, kuma ban yarda ki dawo ba. Na riga na zaunar da shi na karanta masa abin da zai ci da wanda zai bari, na sa ya maimaita, ya yi kuskure a wurin gyaɗa, na sa ya sake. Ni zan dama maganin, ni zan ƙirga kofunan, kuma ba za a shiga da shi ba sai na duba da idona. Abin da kyamara za ta nuna ban sani ba, kuma ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Amma wannan karon likita zai gani.

Ki sa shi a addu'a bayan kowace sallah. Ki roƙa wa kakanki gafara, ni ma ki roƙa mini.

Allah Ya kiyaye ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, Ya ba ki malamai masu tsoronSa, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga bayinSa. Allah Ya ba ki ƙarfin faɗin gaskiya a lokacin da take da amfani. Ya dawo mana da ke lafiya, ki same mu lafiya. Amin.

Mahaifiyarki,
Binta